An Sallami Lamba Shida

A teburin mai shayi labarin ya same ni, bayan sallar isha'i. Ina cikin juya sukari sai wani ɗan moto da ke zaune a gefena ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, duba ka gani." Hoton wata takarda ce da aka manna a bangon ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya, wani ya ɗauka ya watsa a WhatsApp. Sunayen waɗanda ƙungiyar za ta yi wa rajista a sabuwar kaka ne. Na bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa, na sake komowa sama. Babu sunan yaronmu. Daga baya na ji cewa shi ma haka ya gani, a waya, yana zaune a bakin tukubar kawunsa yana yanka albasa. Babu wanda ya kira shi ofis, babu wanda ya ce masa an gode.

Ba zan faɗi sunansa ba, don an riga an faɗe shi fiye da kima, kuma a shirina aka fi faɗa. Ƙungiyar ma zan bar ta a rufe. Ya isa in ce ba Canon ba ce, ba Tonnerre ba ce, ɗaya ce daga ƙananan ƙungiyoyin Yawunde da mutum ɗaya ke riƙe da su da aljihunsa. Shi kuwa yaron, a unguwa Lamba Shida muke ce masa, saboda wurin da yake tsayawa a fili, a tsakiya, gaban masu tsaron baya.

Ga wanda bai san mu ba, unguwarmu ita ce Briqueterie, Birik a bakin kowa, Ekoudou a bakin Ewondo masu ƙasa. Sunan ya samo asali daga wurin yin bulo da aka yi a nan tun zamanin Turawa. In mutumin Yawunde na son soya, wato tsire, ko yadi, ko ɗinkin babbar riga, nan yake gangarowa, har ana yi wa layin masu nama laƙabi da ma'aikatar soya, kamar dai wata ma'aikatar gwamnati. Ofishin Fecafoot, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, a lokacin yana Tsinga, maƙwabciyarmu, da ƙafa ma ana zuwa. Amma wannan kusanci bai sa mun saba ganin ɗan layinmu sanye da rigar wata ƙungiya da lasisi a hannunsa ba. Yaro in ya tashi a layinmu, ko kasuwa, ko keken ɗinki, ko tukuba, ko moto. Ƙwallo a wurinmu abin kallo ne da musu. Muna da dattawan da za su jera maka shekarun da Canon ta ci kofin zakarun Afirka, 1971 da 1978 da 1980, su gaya maka George Weah a Tonnerre ya taka leda kafin ya tafi Monaco, amma ka ce su bar ɗansu ya je atisaye da safe maimakon shago, sai magana ta canja.

Shi ya sa da wannan yaro ya fito daga gasar hutu ta tsakanin unguwanni, wani koci ya gan shi ya ɗauke shi, sai ya zama na kowa. Kaka biyu ya yi musu. Mutanen da ba su taɓa biyan kuɗin shiga fili ba suka fara cika tasi ran wasa. Ni kaina na je ya fi sau goma.

Wasansa ba mai sa a tashi tsaye ba ne. Ba ya yanka, ba ya dukan nesa, gudunsa ma ba wani abin a zo a gani ba. Abin da yake da shi shi ne waiwaye. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya duba dama, ya duba hagu, ya san inda za ta je. Taɓawa ɗaya, biyu in ta yi yawa, ta bar ƙafarsa. In abokan hamayya suka taso, sai ka tarar yana tsaye a daidai inda za su bi, kamar an raɗa masa. Irin wannan ɗan wasa, ranar da yake fili ba ka ganinsa. Sai ranar da ba ya nan ka ga masu tsaron baya na zagin juna ba ka san dalili ba.

A daren nan teburin mai shayi bai watse ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Wani tsohon tela da muke kira Baba, wanda ya ga Marc-Vivien Foé da idonsa a rigar Canon kafin ya tafi Faransa, shi ya fara. Ya ce, "Ku yaran yanzu raga kuke kallo, ba wasa ba. Wanda ya dafa ba ku san shi ba, sai wanda ya kawo kwano." Wani Alhaji mai canji, da ba ya ɗaga murya ko da ana faɗa, ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ni lissafi na iya. Kaka biyu, ƙwallo nawa ya ci? Ko ɗaya. Nawa ya bayar aka ci? In kai ke biyan albashi, da me za ka ce wa aljihunka?" Samari suka taso masa. Ɗaya ya ce Declan Rice ma Chelsea ta sallame shi yana ɗan shekara 14, ga shi a 2023 Arsenal ta biya fam miliyan 100 da ɗoriya a kansa. Wani ya kawo N'Golo Kanté, da manyan makarantun ƙwallon Faransa suka ƙi ɗauka, ya zo ya ci gasar Ingila da Leicester a 2016 da kofin duniya a 2018. Wani ya ce me ya kai ku nesa, ga Zambo Anguissa, haifaffen Yawunden nan, sai da ya je Coton Sport a Garwa kafin duniya ta san shi. Alhaji ya bar su suka gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Kun kawo uku. Waɗanda aka sallama kuma aka yi daidai, wa ya riƙe sunayensu?"

Gaskiya ya faɗa, ko da yake a daren babu mai son ji. Daga nan ne magana ta bar fili ta koma inda maganarmu ta saba komawa. Wani ya ce ai don Bahaushe ne. A Yawunde duk wanda ya sa doguwar riga ya ɗora hula Bahaushe ne, ko Bafulatani ne, ko Bamun, ko Kotoko, kuma kowannenmu na da labarin ranar da aka dube shi aka dubi katinsa sau biyu. Don haka in aka ce an yi wa ɗanmu abu saboda asalinsa, ba a neman hujja, kowa na da tasa a aljihu. Na san dalilin da ya sa zuciya ke saurin zuwa can. Na kuma san a jerin sunayen da na karanta da yatsana akwai 'yan arewa uku. Ban faɗa ba. Ina zaune ina sauraro, abin da ke raina kawai shi ne na samu maudu'in ran Litinin.

Ina gabatar da shirin wasanni da Hausa a wani gidan rediyo mai zaman kansa, awa ɗaya, kai tsaye, rabinsa labarai rabinsa kiran waya. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san fargabar layin da ya yi shiru. Ka ba da lamba, ka maimaita, ka sa kiɗa, ka sake maimaitawa, injiniya na kallonka ta gilashi yana girgiza kai. Ran Litinin ɗin nan ban gama faɗin tambayar ba layuka suka cika. Na ce, jama'a, an yi wa Lamba Shida adalci ko ba a yi ba? Na kira sunansa cikakke, na kira sunan ƙungiya. A makarantar koyon aikin jarida abu na farko da aka koya mana shi ne a ji ta bakin kowane ɓangare. Lambar yaron na cikin wayata, ta kocin ma haka. Ban kira ko ɗaya ba. Na ce wa kaina ra'ayin masu sauraro ne, ba rahoto ba.

Sai in tsaya in gaya muku irin iskar da ke kaɗawa a lokacin, don ba za a gane abin da ya biyo baya ba sai da ita. A ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, da aka tara 'yan ƙasa da shekara 17 na Kamaru don gasar yankin tsakiyar Afirka, an yi musu gwajin na'urar MRI, 21 daga cikin 30 suka faɗi, aka kawo wasu, 11 suka sake faɗuwa. A watan Maris na 2024 kuma Fecafoot ta fitar da sunayen 'yan wasa 62 da ta ce ba za su buga wasannin ƙarshen kaka ba saboda shakku a kan takardunsu. Cikinsu har da Wilfried Nathan Douala, ɗan wasan tsakiya na Victoria United ta Limbe, wanda Rigobert Song ya tafi da shi gasar kofin Afirka a Kodebuwa a matsayin ɗan shekara 17. Ƙungiyarsa ta musanta, bayan 'yan kwanaki aka mayar da sunansa cikin waɗanda za su buga. Labarin cirewar ya zaga duniya. Na mayarwar, ku tambayi mutum goma a titi ku ji nawa suka sani. Tun daga lokacin, duk matashin ɗan wasan da aka ajiye a ƙasar nan, kafin a tambayi ƙafarsa an tambayi shekarunsa.

Kira na bakwai ko na takwas ne. Murya ce ta babban mutum, bai faɗi sunansa ba, ya ce daga Mokolo yake kira. Ya ce, "Malam mai gabatarwa, ku bar wahalar da kanku. Ku je ku tambayi yaron nan shekarunsa na gaskiya. Ƙungiya ta gano ne, ta rufa masa asiri." Maɓallin rage murya na ƙarƙashin yatsana. Sakan ɗaya ya isa. Na bar shi ya yi ta zuba, ya ce ya san wanda suka yi makarantar allo tare da yaron kuma yanzu yana da 'ya'ya biyu. Ni kuma na yi dariya. Wannan dariya na saurare ta daga baya ya fi sau ashirin, gajeriya ce, irin ta wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Sannan na ce, "To, masu sauraro, kun dai ji," na ɗauki kira na gaba. Na gaban kuwa, don ya rama wa yaron, sai ya kama sunan shugaban ƙungiyar ya ce mai ƙabilanci ne, ɓarawon guminsu, ba ya ƙaunar Musulmi. Shi ma ban katse shi da wuri ba.

Da muka fito injiniya ya tafa min, mai shagon da ke ɗaukar nauyin shirin ya kira ya ce yau kam an yi shiri. Kafin in isa gida an yanko wuraren biyu, kowanne bai kai minti ɗaya ba, suna yawo a WhatsApp. Masu cewa an zalunce shi suna tura na zagin shugaba. Masu cewa an yi daidai suna tura na shekaru, da dariyata a ƙarshe kamar hatimi.

Kwana uku bayan haka kawunsa ya aiko a kira ni. Na same shi da la'asar yana jera tsinke, wuta ba ta gama kamawa ba. Mutum ne da ya san mahaifina, tun ina yaro yake ba ni ƙarin yanka. Ya shimfiɗa min buhu, ya ce, "Zauna, ɗana." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga ciki ya fito da wata leda, ya zaro takardar haihuwar yaron ya miƙo min. An rubuta 1 ga Janairu.

Ya ce a wani ƙauye aka haife shi a Adamawa, a gida, ba asibiti ba. Babu wanda ya je ya yi masa rajista, don ofishin na da nisa kuma babu wanda ya ga amfanin. Da uban ya rasu aka kawo masa shi nan Birik ya sa shi makaranta. Sai da ya kai ajin ƙarshe na firamare, za a rubuta jarrabawar CEP, aka ce babu takarda babu jarrabawa. To a ƙasar nan in wa'adin rajistar haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu ta yanke hukuncin da zai tsaya a madadin shaidar. Aka nemo shaidu biyu, aka dubi tsawon yaro, aka tambayi uwa ta waya, ta ce da damina ta haife shi, tsakanin wance da wane. Aka rubuta shekara, aka sa ranar farko ta wata na farko, kamar yadda aka yi wa dubban yara. Kawu ya ce, "In an ce shekararsa 19, to. In an ce 20 ce, ba zan rantse ba. Amma a ce mun rage don ƙwallo? Ranar da aka yi takardar nan ko takalmi ba shi da shi."

Ina riƙe da takardar na tuna cewa gwajin MRI ɗin ma ba zai wanke shi ba. Hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka, a ga ko ya gama haɗewa, in ya haɗe a ce yaro ya wuce 17. Ga wanda ya kai 19 ba ya nuna komai, nasa a haɗe yake, na ɗan shekara 30 ma a haɗe. An jefe shi da maganar da babu na'urar da za ta cire masa.

Sannan kawu ya gaya min abin da duk musunmu na teburin shayi da na rediyo bai taɓo ba ko sau ɗaya. Cire suna daga jerin rajista ba shi ne sallama ba. Yaron na da sauran shekara ɗaya a kwantiraginsa. Kafin wata ƙungiya ta yi masa lasisi, sai tsohuwar ta ba shi takardar saki, shugaba ya sa hannu ya buga hatimi. In babu ita, yana nan kamar matar da aka jingine, ba aure ba saki. Kuma yana bin su albashin wata huɗu da ladan wasanni da dama. Kafin shirina an riga an fara magana ta ƙarƙashin ƙasa: wata ƙungiya a arewa ta nuna tana so, shugaba ya ce a zo ran Laraba a karɓi takarda. Ran Talata wani ya tura masa muryar da ake zaginsa. Ran Laraba kawu ya je, aka ce shugaba ya ce tunda 'yan Birik sun iya rediyo, rediyo ta ba su takardar.

Na je wurin kocin, abin da ya kamata in yi tun ran Lahadi. Na same shi bayan atisaye a wani fili mai jar ƙasa da ruwan sama ya yi wa kwari-kwari. Na zaci zai kore ni. Sai ya nuna min filin da hannu ya ce, da Faransanci, in duba da kyau. Ya ce yaron ya fi duk 'yan tsakiyarsa kai, ba ya musu. Amma a irin wannan fili ƙwallo ba ta tafiya a ƙasa, ka tura ta nan ta yi tsalle ta tafi can. Don haka kowa daga baya yake ɗaga ta sama zuwa gaba, tana wuce tsakiya ta kan mutane. Mai tsayi da ƙirji da gudu yake bukata, wanda zai yi kokawar ƙwallo ta biyu. Ya ce, "Ka ba ni ciyawar Olembe ko ta Ahmadou Ahidjo kowane mako, in gina ƙungiya a kansa. A nan kuwa ina da tela ne a wurin da ake neman maƙeri." Na tambaye shi maganar shekaru, ya ce bai taɓa jin ta ba sai a wayar matarsa. Da na matsa, sai ya ƙara da abin da ya fi nauyi: wani dillalin 'yan wasa ya kawo yara biyu 'yan tsakiya, shi zai riƙa biyansu, ƙungiya ba za ta kashe ko sisi ba, bukatarsa kawai su buga a gan su. Shugaban da ke bin bashi kafin ya biya kuɗin mota zuwa wasan waje ba zai ce a'a ba. Wuri biyu ake nema, aka duba wanda ba shi da kowa a bayansa.

Ban ce koci ya yi daidai ba. Har gobe ina ganin ƙungiyar da ta ajiye mai kai don filinta ba shi da kyau ta zaɓi ta dawwama a wannan fili. Amma dalilansa dalilai ne, ana iya zama a yi musu a kansu, kuma babu ko ɗaya daga ciki da ya fito a awa gudan da na ba jama'a.

Na ba kawu shawara a kai maganar Synafoc, ƙungiyar 'yan wasan Kamaru da Geremi Njitap ke shugabanta, wadda ta daɗe tana kuka a kan albashin da ƙungiyoyi ke riƙewa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, mai neman saki ba ya fara da sammaci. Kafin a yi shari'a kaka ta wuce, kuma wace ƙungiya za ta ɗauki yaron da ya kai shugabansa ƙara?" Ban yarda da shi ba a raina, amma ba ni da bakin magana. Hanyarsa aka bi. Aka samu wani dattijo da ke da mutunci a wurin shugaban, suka tafi da kawu, ni ma na bi su. Sau uku muna zuwa. A na ukun aka bar mu muka shiga, na tsaya a gaban teburinsa na ba shi haƙuri a kan zagin da aka yi masa a shirina. Ya saurara, ya ce shi ba shi da matsala da kowa, ya jawo takarda biyu. Ɗaya ta saki, ɗaya kuma yaron zai sa hannu cewa ba ya bin ƙungiya komai. Albashin wata huɗu ya tafi a layi ɗaya. Ko da ma can haka za a yi, ko fushi ne ya ƙara farashin, kawu bai taɓa ce min komai a kai ba.

Lokacin da takardar ta fito an riga an rufe rajista. Ƙungiyar arewan ta ɗauki wani. Wanda ya haɗa su ya gaya wa kawu a waya cewa shugabanninta sun ji muryar nan, sun ce ba sa son abin da zai ja musu bincike.

Duk tsawon wannan lokaci ban zauna da yaron ba, ina ta kewaye-kewaye. Shi ya same ni, wata Lahadi da safe, a gefen filin da manya ke buga wasan motsa jini da ake kira deux-zéro. Yana zuwa ya buga da su don kada ƙafa ta mutu, tsofaffin ma'aikata masu tumbi suna rububin ya shiga ɓangarensu. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Na fara jero ban haƙuri, ya ce, "Yaya, ya wuce." Ya ce shi bai ma saurari shirin ba, yana wurin wuta a lokacin. Abin da ya dame shi ɗaya ne. An tura wa wani a ƙauyensu muryar, aka kunna wa mahaifiyarsa. Ita ba ta san lamba shida ba, ba ta san rajista ba, abin da ta fahimta shi ne an faɗa a rediyon Yawunde cewa ɗanta maƙaryaci ne. Ta kira shi tana kuka tana tambaya me ya sata. Ya yi shiru, yana kwance igiyar takalmi. Sannan ya ce, "Da ka kira ni, Yaya. Ai kana da lambata."

Litinin ɗin da ta biyo na buɗe shiri da gyara. Na ce maganar shekaru da aka yi a wannan shiri ba ta da tushe, koci da kansa ya ce ba ita ce dalili ba, kuma laifina ne da na bar ta ta fita. Na yi bayanin takardar saki, na yi bayanin yadda ake yi wa yaran ƙauye takardar haihuwa. Minti shida na ɗauka. Na buɗe layi. Mai kira na farko ya ce Allah ya saka da alheri, amma shi tambayarsa a kan rigimar Samuel Eto'o da koci Marc Brys ce. Na biyu ma haka. Babu wanda ya yanko minti shidan nan ya tura wa kowa. Ni na yanka da kaina na tura wa kawu, na roƙe shi a kunna wa mahaifiyar.

A teburin mai shayi har yanzu akan tayar da maganar in hira ta yi sanyi. Baba tela na nan a kan bakansa, Alhaji mai canji na nan a kan lissafinsa, musamman da yake ƙungiyar ba ta faɗi ba ba ta kuma hau ba, ta ƙare a tsakiyar tebur inda kowa zai iya cewa ga shi nan na faɗa. Wani lokaci wani baƙo yakan ce, "Ba shi ne wanda aka ce ya rage shekaru ba?" Sai in ajiye kofi in fara bayani tun daga farko, wasu su saurara, wasu su duba waya.

Da aka buɗe rajistar tsakiyar kaka, wata ƙaramar ƙungiya a Adamawa ta ce ya zo gwaji na mako biyu, ba alkawari, kuɗin mota nasa. Mu huɗu muka raka shi tashar jirgin ƙasa da yamma, ni da kawu da ɗan moton nan da wani abokinsa. Jirgin Ngaundere kwana yake yi a hanya. Kawu ya ƙunsa masa soya a takardar siminti, ya sa yaji daban. Jakarsa ɗaya ce, takalman ƙwallo a rataye a jikinta. Takardar saki da ta haihuwa suna cikin leda guda, ya sa a cikin riga ya ɗaure da ɗamara. Kafin ya hau kawu ya sa shi ya fito da su mu sake gani, ya duba hatimin, ya mayar masa. Ɗan moto ya ce in ya ci ƙwallo ya turo mana bidiyo mu kai wa Alhaji. Ya yi dariya ya ce shi ba ya ci, sai dai a yi haƙuri. Ya juyo wurina ya ce, "Yaya, in an ɗauke ni zan gaya maka. Amma kada ka faɗa a rediyo sai na sa hannu."

Na ce to.